Talabijin ɗin da ba ta magana sai bayan La'asar

"Kawu, ta daina magana."

Ɗan yayata ne, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofata da hantsin wata Asabar, hannun gem a hannunsa, wayar na jan ƙasa. Daren jiya ni da shi muka kai ƙarfe sha ɗaya muna buga Sonic, kiɗa na tashi tar har sai da uwarsa ta leƙo ta ce mu rage. Na bi shi falo. Hoto na nan garau, shuɗin bushiyan nan yana tsaye yana buga ƙafa a ƙasa, amma ɗakin tsit. Na danna rimot, koren layin murya ya yi ta tsawo har ya kai ƙarshe. Na kara kunnena a jikin lasifika. Ko numfashi babu.

Talabijin ɗin ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Mai doro ce, inci 14, kwancen Turai, takardar da ke manne a bayanta da Jamusanci aka rubuta. Rami ɗaya tak gare ta, na eriya, kuma tun yana raye wayar eriyar da ya ɗaure a kan gora take shigowa ta taga ta shiga ramin nan. Gem ɗin kuwa Sega Mega Drive ce, samfuri na biyu, wani abokina ya zo mini da ita daga Ingila. Na'urar ta fara fitowa a Japan a 1988, ta shiga Turai a 1990, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a gidajen gem na garuruwanmu ya san ta. Na gwada ta a sabuwar talabijin ta bango, raina bai kwanta ba. Ka danna tsalle, sai an ɗan jima Sonic ya tashi. Ruwan da ke gangarowa a matakin farko, wanda masu zanen suka yi da siraran layuka don tsohon gilashi ya narkar da su su zama ruwa, sai ya fito kamar an jera tsinken tsintsiya. Don irin tsohon gilashin nan aka zana wasannin, shi ya sa na sauko da ta mahaifinmu daga kan sif.

Da farko ta ramin eriya na haɗa su, da ɗan akwatin da Sega ke zuwa da shi. Hoto ya zo da dishi-dishi, murya kuwa sai shuuu kamar ana soya ƙosai. Na ɗauki maganar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwarmu, wanda a rumfarsa na koyi riƙe ƙarfen dalma ina ɗan sakandare. Baba muke ce masa. Ban gama bayani ba ya ce, "Ta Ingila ce gem ɗin? To ba sa jin yaren juna." A tsarin Ingila, murya tana tafiya da tazarar megahaz 6.0 daga hoto. A na Jamus 5.5 ne. Talabijin ɗin tana laluben murya inda babu ita. Ya ce zai iya canza ɗan tacin da ke ciki, aikin da ya yi wa kwancen Turai ba adadi, amma dishi-dishin hoton zai zauna. Na ce ni so nake mu buɗe mata sabuwar ƙofa, hoto da murya su shiga kai tsaye ba tare da sun bi ta tuna, wato sashen da ke kamo tasha, ba. Ya yarda zai riƙa biyowa ta gidana idan ya rufe rumfa da yamma.

Ranar farko bai bari na taɓa komai ba. Ya cire filogi, ya sauke cajin babbar kafasita, wadda kan riƙe sama da bolt 300 ko bayan an kashe wuta, ya nuna mini jar wayar da ke manne a bayan gilashi ya ce can akwai sama da bolt 20,000, hannuna kada ya je. Sannan ya juya fanel yana neman abu ɗaya. Wasu tsofaffin talabijin ƙarfen cikinsu a haɗe yake da wutar gida kai tsaye, robar jikinsu ce kawai ke kare mutum. Ka huda irin wannan ka sa soket na ƙarfe, ka kawo wutar gida hannun yaron da ke riƙe da gem ke nan. Wannan gargaɗi ina so mai karatu ya riƙe shi da hannu biyu. Tamu an yi sa'a, akwai farin layi da ya raba fanel gida biyu, ɓangaren wuta daban, ɓangaren hoto da murya daban, taransifoma a tsakaninsu. Duk da layin, sai da Baba ya auna da mita ya tabbatar babu haɗi, sannan ya ce bismilla.

Aikin ya zo da sauƙin da ban zata ba. A tsakiyar fanel akwai wata doguwar aisi mai ƙafa 52, TDA8362 ta kamfanin Philips, wadda ta cika talabijin na shekarun 1990. Ita ke sarrafa hoto da kala da murya, kuma tun daga masana'anta tana da ƙofofin baƙi, sai dai a tamu ba a yi amfani da su ba. Ƙafa ta 15 ta hoton waje ce, ta 6 ta muryar waje, ta 16 kuma ita ce mai zaɓe: idan tana ƙasa aisin ta saurari tuna, idan aka ba ta bolt 8 ta juya ga baƙo. Na sayo soket da makunni da 'yan rasistoci a Kasuwar Sabon Gari da na shiga Kano. Muka sa rasista mai om 75 da kafasita a hanyar hoto, wata kafasitar a hanyar murya don kada wutar da ke zaune a ƙafar aisin ta koma cikin gem, muka huda robar baya muka ɗaura makunni. Sama talabijin, ƙasa gem.

Hoto ya fito kamar an wanke gilashin. Murya ma ta zo, amma da wani gurnani a ƙarƙashinta, zzzz, kamar zirnako a cikin gwangwani. Baba ya ce in zuba ido. Idan allo ya yi baƙi sai gurnanin ya lafa, da ya yi fari fat sai ya taso. "Hoton ne ke shiga muryar," in ji shi. Laifin na aikina ne. Na yi amfani da siririyar waya tsirara mai tsawon kamu biyu, na bi da ita ta gefen taransifomar filaibak da wayoyin wuyan gilashi, inda ƙarfin maganaɗisu ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa daga sama zuwa ƙasa, sau 15,625 daga hagu zuwa dama. Kuma at ɗin murya da na hoto, wato wayoyinsu na ƙasa, na haɗa su a waya guda na kai can nesa jikin wani ƙarfe. Muka cire ta, muka sa waya mai rigar saƙa, gajera, muka bi da ita ta gefen fanel, muka liƙa rigar a at ɗin da ke dab da aisin. Zirnako ya tafi. Wannan shi ne daren Juma'ar da muka yi wasa har sha ɗaya.

Sai ga shirun safiyar Asabar.

Zargina na farko dalma ce. Liƙin da bai kama da kyau ba yakan yi aiki idan fanel ya ɗumama, ya saki idan ya huce. Na buɗe baya, na bi duk inda muka taɓa na sake narkarwa, na ƙwanƙwasa fanel da bayan buroshi. Shiru. Na bar ta a kunne ta yi zafi, sai ta kashe kanta, jar fitilar gaba kawai ta rage. Na kunna, bayan wani ɗan lokaci ta sake mutuwa. Na ce a raina wutar gari ce ta yi ƙasa, na ajiye wannan a gefe. Na ɗaga makunni sama don in ga ko ɓangaren talabijin na da rai, allo ya cika da yayyafi, babu hoto babu ƙara. Ban damu ba, don kowa a garinmu ya san ba a kama komai da safe. Na haƙura na fita harkokina.

Da na dawo bayan Magariba tun daga zaure na jiyo kiɗan Sonic. Yaron ya ce shi bai taɓa komai ba, yana cikin wasa a shiru sai murya ta faɗo masa har ya firgita. Na ce alhamdulillahi, dalmar ce, ta zauna. Lahadi da safe ta koma bebiya.

Kwana huɗu ana haka. Yayata ta fara kiranta mai azumin magana. Na koma kan wutar gari, tunda a unguwarmu ƙarfinta na safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Na tada janareta da safe, shiru. Na auna ƙafa ta 10, inda aisin ke shan wuta, bolt 8 cif safe da yamma. Na zargi Sega da wayarta, na zare farin filogin murya na sa a wata ƙaramar rediyo mai ramin shiga, kiɗa ya tashi lafiya lau. Na zargi lasifika da amfilifaya, na yi gwajin da Baba ya koya mini tun ina yaro: hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da siririn sukudireba, yatsa a kan ƙarfensa, na taɓa ƙofar shigar amfilifaya. Ta yi buuu. Tana da rai.

Saura tsakiya ke nan. Na ɗaura kafasita a bakin wayar ƙaramar rediyon nan, ta zama mini kunne, na shiga bin sawun murya. A soket tana nan. Bayan kafasita tana nan. A ƙafa ta 6, bakin ƙofar aisin, tana nan ras. A ƙafa ta 50, inda ya kamata ta fito ta nufi amfilifaya, babu ita. Murya na shiga ɗaki ba ta fitowa. Gabana ya faɗi, don na ɗauka na ƙona aisin da zafin dalma, kuma cire abu mai ƙafa 52 daga tsohon fanel ba wasa ba ne. Amma ƙonanniyar aisi ba ta warkewa da yamma ta sake ƙonewa da safe. Na duba ƙafa ta 16 ko makunni ne ke yaudarata, bolt 8 na nan. Sai na tuna ƙafa ta 5. A wannan aisin ƙarar murya da ƙarfin wuta ake juya ta: ƙwaƙwalwar talabijin, wata aisin daban da ke karɓar umarnin rimot, ita ke turo wuta kaɗan ko da yawa zuwa ƙafar nan. Na ɗora mita a kai da ƙarfe goma na safe, kusan sifili. Na danna ƙarin murya, koren layi ya cika allo, allurar mita ko gezau. Da yamma na sake aunawa, tana hawa tana sauka tare da rimot yadda ya kamata.

A nan na zauna na yi tagumi. Babu wayar da ta tsinke, babu abin da ya ƙone. Ƙwaƙwalwar ce da kanta take rufe bakin talabijin da safe ta buɗe da yamma, alhali babu agogo a cikinta da aka saita.

Yaron ne ya kawo mini lokaci. Na ce masa ya riƙa duba agogon bango duk sa'ad da ta yi magana. Ran Laraba ya ce huɗu saura minti biyar. Ran Alhamis huɗu saura 'yan mintoci. Zafin fanel ba ya bin agogo haka, wutar gari ma ba ta yi. Daren Alhamis na ƙi barci na zauna gabanta ni kaɗai, sha biyu ta ɗan gota kiɗa ya yanke kamar an sa wuƙa. Na kalli agogo, na bar ta a kunne. Bayan minti goma sha biyar daidai ta kashe kanta. Mutuwar nan da na ɗora wa wutar gari tun ranar farko ashe ita ma da ƙa'idarta.

Ran Juma'a na naɗe ta a bargo na ɗaura a bayan babur, na kai rumfar Baba da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da na tabbata tana magana, don ya ji ta da lafiyarta kafin in ba shi labarin ciwon. Muka jona, muka kunna. Shiru. Biyar na yamma, rana ta yi sanyi, ga Sonic yana gudu babu ko ƙis. Duk lissafin da na gina a kan agogo ya rushe a gabana.

Baba bai ɗauki mita ba. Ya saurare ni tun daga farko, ya sa na maimaita maganar minti goma sha biyar, sannan ya tambaye ni, da na ɗaga makunni sama ran Asabar na ga yayyafi, da ƙara ko babu? Na ce babu. Ya gyaɗa kai.

"Ɗana, me ka baro a gida wanda kullum yake jikinta?"

Na ce tebur. Na ce sitabilaiza. Na yi shiru, sannan na ce, "Eriya, Baba."

Ya miƙa hannu ya jawo wayar eriyarsa da ke rataye a ƙusa, ya cusa a ramin baya. Makunni na ƙasa, a kan gem, babu abin da ya haɗa hoton da muke gani da eriya. Kiɗa ya cika rumfar har mai shayin da ke gefe ya waiwayo. Ya zare, bayan daƙiƙa guda ta yi tsit. Ya mayar, ta dawo. Sau uku ya yi. Sannan ya ɗaga makunni sama, sai ga mai gabatar da shiri a tashar jiharmu, wadda a lokacin take buɗewa da huɗu na yamma ta rufe sha biyun dare. A kan lambarta mahaifinmu ya bar talabijin ɗin, a kanta take tashi duk sa'ad da aka kunna.

Sauran bayanin ƙafa ta 4 ce ta ba mu shi. A cikin aisin akwai wani sashe da aikinsa kawai ya duba ko tuna ta kamo tasha, kuma ba ruwansa da hoton da ke kan gilashi. In akwai tasha ƙafar ta ɗaga wuta, in babu ta faɗi. Baba ya ɗora mita, ya sa eriya allura ta hau, ya zare ta sauka. Daga ƙafar nan wani siririn layin tagulla ya tafi kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka ƙera ta sun yi haka ne don jin daɗin mai gida: tasha ta rufe cikin dare kana barci, kada shuuu ya tashe ka, sai ta kashe murya, in an jima ta kashe kanta gaba ɗaya. Talabijin da aka ƙera da ramin bidiyo tun asali, ƙwaƙwalwarta ce ke juya makunnin, don haka ta san an koma ga baƙo, sai ta daina tambayar tasha. Mu kuwa da hannu muka juya ƙafa ta 16 ta bayan gida. Ido da kunne sun koma kan Sega, ƙwaƙwalwa na can tana jiran tashar jiha. Kuma duk aikin da muka yi da Baba da yamma muka yi shi, eriya a jiki, tasha a buɗe, shi ya sa ba mu taɓa cin karo da shirun ba sai da gari ya waye.

Na ji wani abu a raina da na gane haka. Kusan mako guda ina tuhumar na'urar da ke yin daidai abin da aka ce ta yi tun kafin a haifi yaron nan.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Makunnin da na sayo mai layi biyu ne, ɗaya kawai muka yi amfani da shi. Baba ya yanke layin tagullan da ke zuwa ƙwaƙwalwa da reza, ya bi da shi ta layi na biyu. In makunni na sama, ƙwaƙwalwa na jin ƙafa ta 4 kamar da. In yana ƙasa, sai ta sami bolt 5 ta cikin rasista mai om 10,000, ta ɗauka tasha na nan daram. Ya ce kada in kuskura in tura wuta cikin ƙafa ta 4 ɗin kanta ba tare da yanke layin ba, don mafita ce, in ta ja ƙasa kana turawa sama za a yi asara. Muka zare eriya, muka bar ta tana kiɗa har aka kira Magariba. Ba ta yi shiru ba, ba ta mutu ba.

Na ɗauka an gama. Bayan kwana biyu yaron ya sake zuwa, wannan karon da ƙaramar murya, kamar mai tsoron a ce ya cika ƙorafi. "Kawu, zoben nan wani yana ƙara wani ba ya yi." Na zauna na saurara. Gaskiyarsa. Sonic ya bi ta kan jerin zobba, na farko ƙil, na biyu shiru, na uku ƙil. Wannan bai wahalar da ni ba, don na san abin da na yi. Wayar Sega kai uku gare ta, rawaya na hoto, fari na muryar hagu, ja na dama. Da na ga lasifikar talabijin ɗaya ce sai na sa soket na farin kaɗai, jan yana reto a baya. Masu wasan kuwa sun tsara ƙarar zobe ta riƙa zuwa hagu, ta gaba ta zo dama, bi da bi. Rabin zobban suna fita ta wayar da ba a jona ko'ina ba, tare da wani ɓangare na kiɗan da ban ma lura ya ɓace ba.

Akwai masu murɗe fari da ja wuri guda su huta. Ban yi haka ba, domin kowane ɗaya mafita ce mai turo nata, in ka haɗa su kai da kai sai su riƙa ture juna, murya ta dishe, na'urar ta wahala. Na ƙara soket na uku, na sa wa kowanne rasista mai om 4,700, na haɗa ƙarshensu a gaban kafasitar da ke zuwa ƙafa ta 6. Zobba suka cika. Na saka kaset ɗin Streets of Rage 2, wasan 1992 da Yuzo Koshiro ya yi wa yawancin kiɗansa, na ji gangunan da aisin Yamaha ke bugawa sun fito cikakku ta 'yar lasifikar da mahaifinmu ke jin labarai da ita.

Mai irin wannan aiki, in hotonka ya fito murya ta ƙi, ko talabijin ta riƙa kashe kanta bayan 'yan mintoci, kada ka yi saurin ɗaukar ƙarfen dalma. Kamo mata tasha tukuna. In garinku an daina watsa shiri ta tsohuwar hanya, ɗan akwatin eriya na wata gem daban ma ya isa ya tsaya a matsayin tasha: jona shi a ramin baya, ka nemo shi da tuna, sannan ka juya makunninka ka saurara. In murya ta dawo, wayoyinka lafiyarsu ƙalau, layin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai tasha shi za ka nema. Kuma don Allah, kafin ka huda robar baya, ka sami wanda ya san aikin ya auna maka ko ƙarfen cikin a rabe yake da wutar gida.